Aikin sa-kai a babbar gasa: waɗanda suka taɓa yi dan Allah ku faɗa mana gaskiya

Ɗan Agege

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya ga duk wanda ya taɓa aikin sa-kai a babbar gasar wasanni, irin waɗannan da muke gani a talabijin da riga iri ɗaya da kati a wuya suna nuna wa mutane hanya. Tun kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa farkon 2024 abin ya shiga raina, yanzu kuma da na ji na 2027 Kenya da Uganda da Tanzaniya ne za su karɓa sai nake ta tunanin in sun buɗe fom in cike. Ni dai na gama difloma, ina zama a shagon kawuna a Mile 12, turancina ba laifi, yarbanci kuwa nan aka haife ni.

Abin da nake son sani shi ne yaya ainihin yinin mutum yake tafiya tun daga safe har dare, ana biya ko ko a'a, wa ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki, ana barin mutum ya yi sallah a kan lokaci, sannan tsakani da Allah ana kallon wasan kuwa? Don da na ɗan taɓa wa kawu maganar cewa ya yi wannan aikin banza ne, wai in bar shago in je in yi wa masu kuɗi bauta kyauta. Ni kuma wallahi raina na so. Ku taimaka da abin da kuka gani da idonku ba wanda kuka ji ba.

Baban Ummi (Idi-Araba)

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi, amma a nan gida, lokacin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓa a 2009, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Garuruwa takwas aka yi, Abuja, Kano, Kaduna, Bauchi, Enugu, Kalaba, Ijebu-Ode, sai mu nan Legas a filin Teslim Balogun da ke Surulere, wanda yake kallon babban filin ƙasa. Daga Idi-Araba ba nisa shi ya sa ma na iya.

Bari in fara da wadda na san ta fi damunka. Kallon wasa ka cire shi daga lissafi. Yawancin 'yan sa-kai ba a cikin fili suke ba, suna bakin ƙofa ne, ko wajen ajiye motoci, ko otal ɗin da 'yan wasa suka sauka, ko ofishin da ake buga katin wuya, wanda ma aka sa a ciki to fuskarsa na wajen 'yan kallo ne bayansa na wajen ƙwallo. Ni a ƙofa aka ajiye ni, aikina in duba tikiti in ce wa mutum bi nan, hau can. Rukunin Birazil a Legas ya buga, da Japan da Meziko da Suwizalan, Neymar da Coutinho suna ciki lokacin yara ne ba wanda ya damu da su, kuma a zagayen farko aka cire su. Yau in na ce wa yarana ina filin ranar da Neymar ya buga da Japan sai su yi ta tambayata yaya ya taka, ni kuwa abin da na gani bas ɗinsu ce da ta shige, sai ihun da ke tashi daga ciki.

Yini kuma ga yadda yake. Ranar wasa kana isa awanni da yawa kafin a buɗe ƙofa, a duba katinka, a kira suna, shugaban rukuninku ya tara ku ya ce yau ga ƙofofin da za a buɗe, ga inda manyan baƙi za su bi, ga abin da ba a shiga da shi. Katin nan na wuya shi ne komai, akwai lambobi a jiki da ke nuna inda aka yarda ka taka, in lambarka ba ta kai wani waje ba ko wa ka sani ba za ka wuce ba. Daga nan sai tsayuwa. Tsayuwa ce mai sunan tsayuwa, rana ta dake ka, in hadari ya taso ruwa ma ya dake ka don ka san Oktoban Legas. Awa ɗaya kafin a take wasa nan ne tashin hankalin yake, kowa na son shiga lokaci guda, wannan ya zo da tikitin wata ƙofa daban, wancan ya ce shi ɗan uwan wane ne, wani ya zage ka tas kuma dole ka ce masa yi haƙuri oga. An take wasa sai waje ya yi tsit, a lokacin za ka samu ka ci abincinka, ku yi musanye da abokin aikinka ka je ka yi sallah. Ni ba a taɓa hana ni sallah ba, amma kai za ka tsara, ka faɗa wa shugabanka tun da safe cewa ƙarfe kaza zan ɗan fita minti goma wane zai riƙe min, kada ka ɓace kawai a neme ka a rasa. Mu har jam'i muke yi da wasu 'yan sanda da direbobi a gefen wajen motoci, kwali muke shimfiɗawa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta wasan kusa da na ƙarshe, duka biyun a Teslim aka buga rana ɗaya, Suwizalan ta ci Kolombiya 4-0, mu kuma muka ci Sifaniya 3-1, Sani Emmanuel ya ci biyu. Filin bai fi ɗaukar mutum dubu ashirin da 'yan kai ba amma ka ce duk Legas ce ta taho. Akwai wani dattijo da ya zo da jikansa, cunkoso ya raba su a bakin ƙofata, yaron bai fi shekara bakwai ba yana ta kuka ya riƙe takalminsa ɗaya a hannu. Na ɗora shi a kan teburin da muke ajiye guntayen tikiti don ya yi tsawo a hango shi, na sa aka yi cigiya ta oba-oba, muna nan har aka ci ƙwallon farko, ƙasa ta girgiza, ni ban ma san wa ya ci ba. Can sai ga dattijon hularsa a hannu yana haki. Addu'ar da mutumin nan ya yi min da yarbanci har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. An tashi wasa kuma ba tafiya za ka yi ba sai 'yan kallo sun watse an sallame ku, sannan ka fito neman mota a Ojuelegba tsakar dare. Da aka je wasan ƙarshe a Abuja Suwizalan ta ci mu 1-0, wannan a gida na kalla kamar kowa.

Albashi babu. Sa-kai sunansa. Amma ni ban taɓa ganin na yi asara ba.

Alhaji Mai Albasa

Yaro ka ji ni da kyau, ni ina bayan kawunka. Ba wai ina raina abin da Baban Ummi ya yi ba, shi a gida ya yi, ya kwana ɗakinsa ya ci tuwon gidansu. Kai kuma kana maganar Kenya. Ka je ka tambayi kuɗin jirgi zuwa Nairobi da dawowa, ka haɗa da masaukin wata guda da abinci, ka juya shi zuwa naira a canjin yau, sannan ka zo ka faɗa min buhun albasa nawa ne. Waɗannan masu shirya gasa biliyoyi suke samu daga talabijin da tallace-tallace, ɗan wasa ɗaya na ɗaukar abin da duk layinmu ba ma samu a shekara, amma a ce mai tsayuwa a rana shi ne ba za a ba ko sisi ba? Wannan tsarin bai kwanta min ba kuma ba zan ɓoye ba. Turawan da kake gani suna yi, da yawansu 'yan fansho ne ko ɗalibai da gwamnatinsu ta riga ta tsaya musu. Kuma Janairu da Fabrairu ko ma wane wata ne, kasuwa ba ta jiran mutum, kwastoman da ya zo bai same ka ba gobe shagon maƙwabci zai shiga. In taimako kake son yi, ga masallaci, ga asibiti, ga 'yan uwanmu da ke sauka daga mota kullum ba su san kowa ba a garin nan.

Maman Hanif (Obalende)

Alhaji Allah ya ƙara girma, maganarku akwai gaskiya a ciki musamman ta kuɗi, amma ku bar ni in ɗan faɗi nawa. Ɗan Agege, me zai hana ka fara gwadawa a nan inda ba jirgi ba biza? Gudun famfalaƙin Legas da ake yi tun 2016, yawanci a Fabrairu, gasa ce ta duniya, 'yan Kenya da Habasha ke zuwa suna kwashe kyautar, kilomita 42 ne, kuma suna ɗaukar 'yan sa-kai da yawa. Ni na yi a teburin ruwa. A shekarun da na yi daga filin ƙasa na Surulere ake tashi da sassafe, a bi ta gadar Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic.

Wahalarsa ta farko ita ce isa wajen, saboda ana rufe hanyoyi tun dare bai gama wayewa ba, in ka ce sai ka yi asuba a gida ka fito to ba za ka isa ba. Mu a wajen muka yi sallar asuba, da ruwan roba muka yi alwala. Sai a sauke katan-katan na ruwa, ku jera tebura, ku ɓalle murafe tun kafin kowa ya iso har yatsunka su yi ja. Akwai yadda ake miƙa ruwan ma, sai da aka koya mana, ba ka damƙe robar ba ka kuma shiga gaban mai gudu, ka ɗora ta a tafin hannu ka miƙe hannun shi zai fizga da kansa. Na gaba-gaban nan in sun zo ba ka jin komai sai ƙarar takalmi da numfashi, kafin ka ƙifta ido sun wuce, waɗannan awa biyu da 'yan mintuna suke gamawa. Masu keken guragu ma haka suke wucewa da ƙarfin hannu, ranar na ga abin da ya sa ni hawaye. Aikin gaske sai bayan su yake farawa, lokacin da dubban mutanen gari za su iso rana ta fito, wani ƙafarsa ta riƙe, wani ya zauna a bakin titi ya ce shi ya gama, wata baiwar Allah da ta kusa sa'ar mahaifiyata ta kama hannuna tana cewa 'yata saura nawa, na ce mama kin ci fiye da rabi, na zuba mata ruwa a wuya ta miƙe ta ci gaba. Bayan kowa ya wuce ku ne masu tsince robobi kafin a buɗe titi.

Kuma ga 'yan uwana mata da ke karantawa, da hijabina na yi, na ɗora rigarsu a sama, ba wanda ya ce min uffan. Abin da na ƙaru da shi kuwa, ni da nake jin nauyin magana gaban mutane yanzu ni ke tsara taron iyaye a islamiyyar unguwarmu, a can na ga yadda ake raba aiki, kowa da wajensa kowa da wanda zai kai wa rahoto. Akwai kuma gasar ƙwallon tebur ta duniya da ake kawowa ɗakin wasa na Molade Okoya-Thomas a cikin Teslim, ita a inuwa ake yi. Yini ɗaya ka roƙa wajen kawu ka gwada, in ƙafarka ta ɗauka sai a yi maganar Kenya.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti. Alhaji wallahi na ji maganarku kuma ban raina ba, lissafin jirgin ma na ɗan duba ɗazu jikina ya yi sanyi. To amma wanda ya yi a waje fa, ko akwai? Kuma akwai wani a unguwarmu da ya ce yana da hanya, in an ba shi kuɗin fom zai saka sunan mutum har da biza.

Abu Katar

Ɗan uwa tsaya tukuna, kada ka ba mutumin nan ko naira ɗaya. Ba a sayar da fom ɗin sa-kai, kyauta ne a shafin masu gasar, kai za ka cike da hannunka da imel ɗinka da lambar fasfonka, ba eja ba ɗan tsakiya. Duk wanda ya ce zai saka sunanka damfara ce, na san yara biyu da aka wanke haka, ɗaya babur ɗinsa ya sayar.

Ni na yi na kofin duniya na 2022, lokacin ina aiki a Doha kafin in dawo Legas, yanzu ina Apapa. Mutum dubu 20 aka ɗauka cikin sama da dubu 400 da suka nema, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka mazauna ƙasar ne, don haka ka san ba kowa ke samu ba, kada ka sa rai har ka fara sallama da mutane. Matakan suna da tsawo, wata da watanni ne, ka cike fom, a kira ka intabiyu, in ka dace a turo maka irin aikin da aka ba ka ka amsa ko ka ƙi, sai horo, wani ta intanet wani a filin da za ka yi aiki, sannan ka je ka karɓi kati da yunifom. Sharaɗin shekara 18 ne da jin turanci, kuma ka yi alkawarin shif goma aƙalla. Abin da aka ba mu yunifom na adidas har da takalmi, abinci duk ranar da kake aiki, shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, sai satifiket a ƙarshe. Kuɗi babu. Kuma kowace gasa da nata tsarin, misali Olamfik na Paris 2024 mutum dubu 45 suka ɗauka kuma kowa shi ya nemi jirginsa da wajen kwanansa, saboda haka ka karanta sharuɗɗan da kyau kafin ka danna.

Ni a waje aka sa ni, tsakanin tashar jirgi da filin wasa, da katon hannun soso ɗin nan ina nuna hanya. Wasan ƙarfe goma na dare shi ne mai wuya, kafin mutum dubu tamanin su fice daga filin wasa na Lusail su shiga jirgi biyun dare ta wuce, kana ta maimaita kalma ɗaya har muryarka ta dishe, ka koma ɗaki ka wanke rigar ka shanya don gobe ma ita ce. Abin kamar masu rabon abinci a gidan biki ne, kowa na cikin shagali kai kana tsaye kana lura da wanda bai samu ba. Sallah kam a can ba matsala, kowane fili da ɗakin sallarsa maza daban mata daban. In wata ƙasa ce sai ka tafi da 'yar dardumarka a jaka.

Abin da ban zata ba shi ne hausa ta yi min amfani. Najeriya ba ta je ba tunda Ghana ta cire mu, amma cikin magoya bayan Ghana da Kamaru akwai 'yan zango da yawa. Wata rana na ji wasu dattawa biyu a bayana suna gardamar ta ina za su bi, ɗaya na cewa mu tambayi yaron nan ɗayan na cewa ba zai ji mu ba, na juyo na ce Baba ina za ku? Mutumin nan ya rungume ni kamar ya ga ɗansa. Daga ranar in aka samu wanda turanci ya gagara kuma ga alama namu ne sai a kira ni ta oba-oba. To ka rubuta hausa da yarbanci a fom ɗin, kada ka ce turanci kawai.

Game da maganar Alhaji, ni ma na sha tunaninta ina tsaye a wajen, kuɗin da ke yawo a gasar nan ba kaɗan ba ne kuma da sun so biya za su iya. Ban da amsar da zan ba shi a kan wannan. Abin da na sani kawai, da bashi ko da jarin shago kada ka tafi. Kuma kada ka tafi da niyyar in ka shiga ƙasar ka ɓace, ana gamawa takardarka ta ƙare, ka ɓata wa na bayanka. In waje kake so ka fara duba na kusa da ba sa buƙatar biza, ƙasashen ECOWAS, ka ga wasannin Afirka da aka yi a Accra a Maris 2024 ai mota ce daga Mile 2 ta Seme, ka wuce Kwatano da Lome ka isa, kuma unguwar Nima da ke Accra cike take da hausawa ba za ka rasa wajen kwana ba.

Baban Ummi (Idi-Araba)

Abu ya gama magana. Ƙari ɗaya kawai ƙanena, kada ka cike komai a ɓoye. Ka samu kawu bayan sallar isha'i lokacin da hankalinsa ke kwance, ka ce masa yini ɗaya kake roƙo ranar Asabar, kuma ga wanda zai zauna maka a shago ka riga ka yi magana da shi. In ya ga ka tsara abinka ba zai hana ba in sha Allah. Sannan ka nemi takalmi mai taushi tun yanzu ka fara sa shi ya saba da ƙafarka, kada ka je da sabo fil.

Ɗan Agege

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Mutumin unguwarmu na riga na ce masa na fasa. Zan yi wa kawu magana daren Juma'a yadda kuka ce Baba, ƙanena zai iya riƙe shagon. Anti dan Allah kamar wane wata suke fara ɗaukar mutane na gudun, kuma mutum na iya zaɓar inda za a ajiye shi? Don daga Agege in an rufe hanya ban san yadda zan isa ba, sai dai ko in kwana wajen wani abokina a Obalende.

Maman Hanif (Obalende)

Ka fara leƙa shafinsu tun wajen ƙarshen shekara, kada ka jira Janairu. Wajen aiki su ke rabawa amma ka faɗi unguwar da za ka kwana, mu an duba mana wannan. Kwana a Obalende shi ne daidai, ka zo tun yammacin Juma'a kafin gosulo, ka taho da hula da fawa bank da ɗan abin da za ka karya da shi don shagunan bakin hanya ba sa buɗewa da wuri ranar.